Furfura Amana Ce: Nasiha ga Ikhwan na Diffa da Bakin Komadugu Kan Haƙƙin Dattawa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai juya dare da rana, wanda Ya raba rayuwar bawa zango-zango, Ya sanya wa kowane zango nasa haƙƙi da nasa hisabi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da dukkan waliyyan Allah.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa a cikin Allah, wannan nasiha ce a kan wani zalunci da ya shigo mana a hankali, har ya zauna a gidajenmu da gonakinmu da zawiyoyinmu ba tare da mun kira shi da sunansa ba. Shi ne ture dattijo gefe saboda shekarunsa kawai.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, mu nan Diffa muna ganin girman manya. Gaskiya ne har gobe yaro yana durƙusawa ya gai da tsoho, yana tuɓe takalmi, yana cewa Baba, yana cewa Kaka. Wannan tarbiyya ce mai kyau, Allah Ya dawwamar da ita. Amma ku dubi abin da ke biyo bayan gaisuwar. In an zo ɗaukar ma'aikata, a ce ya tsufa. In an zo rubuta sunayen masu samun taimako, a ce ai 'ya'yansa sun karɓa. In an zauna shawara, a ce maganarsa ta zamanin da ce. Mun riƙe gaisuwa, mun saki haƙƙi. Gaisuwar da babu haƙƙi a bayanta kuwa ba ta cika tukunya, ba ta kuma share hawaye.

Abin da idonmu ya gani

Mutanen wannan jaha ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, rayuwar bakin kogi ta canja. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashe dubban mutane daga tsibiran Tafkin Chadi, suka nufi N'Gigmi da Bosso, da yawansu a ƙasa cikin zafin bazara. A watan Yuni 2016 aka sake faɗa wa Bosso, jama'a suka watse zuwa Tumur da Kinjandi da sauran wurare, rumfunan zana da leda suka jeru a gefen babbar hanyar kwalta. A irin wannan gudu, kowa ya san wanda ake bari a baya. Mai ƙafa ya tsere, mai goyo ta saɓa ɗanta, tsohon da gwiwa ta ƙi sai ya ce ku tafi, ni Allah Ya kawo ni ƙarshen tafiyata. A tsallaken kogi ma haka ne: ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a watan Disamba 2020 a kan tsofaffin arewa maso gabashin Najeriya, inda ta nuna yadda ake barin su a ƙauyuka su gamu da masu makami, waɗanda suka kai sansani kuma a manta da su wajen rabon abinci da magani.

Ba ma ɗora wa wanda ya gudu da ransa laifi. Ranar firgici uzuri ce. Tambayar ita ce abin da muka yi bayan ƙura ta lafa. Dokar ta-ɓaci ta zo da hana hawa babur, da hana su da cinikin kifi, da taƙaita cinikin tattasai da takin zamani, kafin daga baya a sassauta wasu daga ciki. Masunci ɗan shekara sittin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ya wayi gari babu koma babu kwalekwale. Manomin tattasai da ya aurar da 'ya'ya da kuɗin buhunansa ya koma zaman jiran kwanon wani. Da ayyukan tallafi suka zo, mafi yawansu aka ɗora su a kan matasa, domin a raba su da zaman banza da ruɗin masu makami. Wannan manufa ce mai kyau, kuma Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaki bayinSa. Sai dai an wayi gari tsoho ba ya cikin lissafi: ba ya iya tsayuwar layi daga hantsi zuwa azahar, ba ya jin Faransanci, bai iya karanta saƙon da ke shigowa waya ba, sau da yawa katin shaidarsa ma ya ƙone tare da ɗakinsa.

Akwai kuma dalilin da ke sa a manta da su cikin sauƙi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan yara a duniya. Kusan rabin jama'armu ba su kai shekara 15 ba. Waɗanda suka haura sittin 'yan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya yi ƙaranci a hannun mai hankali tsada yake yi. A hannun gafili kuwa ɓacewa yake yi.

Rijiyar Madyana

Ku koma Suratul Ƙasasi ku dubi ƙissar Annabi Musa (AS) ranar da ya isa ruwan Madyana. Ya tarar da ƙarfafa sun cika bakin rijiya suna shayar da dabbobinsu, ga wasu 'yan mata biyu can gefe suna tsare nasu garken. Da ya tambaye su, suka gaya masa ba sa iya shayarwa sai makiyaya sun watse, mahaifinsu kuwa tsoho ne ƙwarai. Wannan shi ne layin famfo na Sayam Foraj, shi ne layin rabon hatsi na Kablewa. Gidan da ƙarfinsa ya ƙare shi ke zama na ƙarshe a kowane layi. Annabi Musa baƙo ne, gajiyayye ne, mai yunwa ne, amma bai ce ba ruwansa ba. Ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Ta hannun wannan tsohon Allah Ya ba shi mafaka da aure da sana'a.

A cikin ƙissar nan akwai ma'aunin ɗaukar ma'aikaci. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Musa aiki, ta ambaci siffa biyu: ƙarfi da amana. Mu yau mun riƙe ta farko mun yar da ta biyu. Mai gona a Geskeru ko Shetimari zai ɗauki yaro mai ƙwanji ya ba shi makullin injin ban-ruwa da man da zai zuba, ya bar dattijon da ya yi shekara arba'in bai taɓa cin ƙwayar wani ba. Ƙarfi kuma ba na damtse kaɗai ba ne. Sanin lokacin dashe ƙarfi ne. Gane cutar ganye tun kafin ta cinye gona ƙarfi ne. Iya sasanta manomi da makiyayi a mashaya ba tare da an zare wuƙa ba ƙarfi ne da saurayi ba ya sayensa a kasuwa.

Abin da ke cikin kan tsoho

Komadugu ba kogin da ake sani a shekara ɗaya ba ne. Ruwansa daga nesa yake tasowa, daga kogin Haɗejiya da na Jama'are a Najeriya, kuma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 zuwansa ya sauya. Dattijon da ya yi ban-ruwa da jigo kafin injuna su zo ya ga kogin kafin dam, ya gan shi bayan dam. Ya ga farin 1973, ya ga na 1984, ya ga tafki ya ja baya har aka yi noma a inda ake jefa koma, ya kuma ga ruwa ya dawo. Da kogin ya yi ambaliya a 2019, ya sake yi a 2022, ya shiga unguwanni da gonaki, dattawa da yawa ba su yi mamaki ba, domin sun san tsofaffin hanyoyin ruwa da aka cike aka yi gini a kai. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ga kuma maganar komawa gida. A watan Yuni 2021 aka fara mayar da mutane Barwa da wasu garuruwa. Yaron da aka goya aka gudu da shi a 2015 bai san gonar ubansa ba. Wa zai nuna masa iyaka? Wa ya san cewa daga wancan icen zuwa wancan kwari na gidan wane ne, aro aka ba wane, jingina ce a hannun wane? Ba takarda ke riƙe da wannan ba, kan tsofaffi ne, maza da mata, tare da bulamomi da limamai. Duk dattijon da ya rasu ba a zauna an ji ta bakinsa ba, wata rigimar gona ce aka bar wa jikoki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hukuncin Shari'a

Allah Maɗaukaki Ya gaya mana a Suratur Rum cewa Ya halicce mu daga rauni, Ya ba mu ƙarfi, sannan Ya mayar da mu ga rauni da furfura. Ke nan ƙarfi aro ne tsakanin rauni biyu. Wanda ke auna darajar mutum da ƙarfinsa yana auna ta da abin da shi kansa za a karɓe masa. A Suratul Isra'i kuwa, da Allah Ya haɗa haƙƙinSa da na iyaye, lokacin tsufansu Ya keɓe da ambato, Ya hana ko da tsaki da gunaguni.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sanya girmama Musulmi mai furfura cikin girmama Allah. Tirmizi ya ruwaito cewa ya nisanta daga tafarkinsa duk wanda ba ya tausayin ƙanananmu, bai kuma san haƙƙin manyanmu ba. Ku lura, haƙƙi aka ce, ba kyauta ba. Ranar buɗe Makka, da Sayyidina Abubakar (RA) ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho wanda ganinsa ya tafi, zuwa wurin Annabi (SAW), sai Annabi ya nuna masa da ya bar dattijon a gida, shi da kansa zai je. Shugaban halitta, a ranar nasararsa, yana cewa shi zai tafi wurin tsoho. Mu kuwa muna aika wa tsoho ya zo ya tsaya a rana ya jira a kira sunansa.

Ku tuna da Khaulatu 'yar Sa'alaba (RA). Ta zo tana kai ƙara cewa mijinta ya ci ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, da shekaru suka ja sai ya yi mata zihari. Kukan wanda aka yi amfani da shi aka yar ke nan, kuma Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kansa. Bayan shekaru, ta tare Sayyidina Umar (RA) a hanya yana Halifa, ta daɗe tana yi masa wa'azi, shi kuwa yana tsaye yana saurare. Da wani ya yi ƙorafin ya tsayar da jama'a saboda tsohuwa, Umar ya gaya masa wannan ita ce wadda Allah Ya ji kukanta, don haka shi ya fi cancanta ya saurare ta. Shi dai Umar ɗin ne aka ruwaito ya ga wani tsohon Bayahude yana bara domin ya biya jiziya, ya ce ba a yi masa adalci ba in an ci ƙuruciyarsa aka wofintar da shi a tsufa. Ya ɗauke masa jiziya, ya yanka masa rabo daga baitul mali. In wannan ne haƙƙin tsohon da ba Musulmi ba, ina ga wanda ya yi shekara sittin yana sa goshinsa a ƙasa?

Kada wani ya fahimci cewa ana rage matasa ne. Annabi (SAW) ya ɗora Usamatu ɗan Zaidu a kan runduna yana saurayi, Umar kuma yana zaunar da Ibnu Abbas cikin manyan sahabbai saboda iliminsa. Musulunci cancanta yake dubawa. Kamar yadda ba a hana yaro abin da ya cancanta don ƙuruciyarsa, haka ba a hana tsoho don tsufansa. Annabi (SAW) da kansa ya yi Hijira yana da shekara 53, ya kuma ɗauki ƙasa a haƙar ramin Khandaƙ yana kusa da sittin.

Ladabin ɗariƙa

Mu da muka riƙi wuridi, hujja ta fi ƙarfi a kanmu. Asalin kalmar shehu a Larabci tsoho take nufi. Tafiyarmu gaba ɗaya a kan karɓa daga na gaba aka gina ta: muƙaddami ya karɓa daga muƙaddami, har a kai ga Shehu. Duk wanda ya yi maka talƙini, wani dattijo ne ya yi masa. Wanda ya raina tsofaffi yana sare reshen da yake zaune a kai.

Ku dubi rayuwar Maulanmu Shehu Tijjani (RTA). An haife shi a Ainu Madi a shekara ta 1150 bayan Hijira. Babban buɗi ya zo masa a Abu Samgun a 1196, yana da shekara 46. Ya koma Fas a 1213, kuma a 1214, yana da shekara 64, ya kai muƙamin da ikhwan ke tunawa da shi kowace 18 ga Safar. Ya ci gaba da tarbiyya har ya koma ga Ubangijinsa a 1230, yana da shekara 80. Da za a auna shi da ma'auninmu na yau, da an ce ya huta tun kafin mafi girman aikinsa ya bayyana. Shehu Ibrahim Inyass (RTA) ma bai ajiye tafiya da karantarwa ba har wafatinsa a 1975.

Malaman tasawwufi sun koya mana cewa raina bawan Allah reshen girman kai ne, girman kai kuwa hijabi ne mai kauri tsakanin murid da buɗi. Allah Ya ɓoye waliyyanSa cikin bayinSa. Tsohon nan mai yagaggiyar riga da ke zaune ƙarshen sahu, wanda ba ya jin abin da ake faɗa sai an ɗaga murya, ba ka san abin da ke tsakaninsa da Allah a sulusin dare ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sanar da mu da albarkar raunananmu ake taimakonmu, ake kuma arzuta mu. Wa ya sani ko tsayuwar da Diffa ta yi cikin shekarun wuta albarkar addu'ar wata tsohuwa ce da babu sunanta a kowace takarda?

To, mu dubi zawiyoyinmu. Wazifa ta zama tsere a wasu wurare, matasa na gaba suna gudu, tsoho bai gama Salatul Fatihi ɗaya ba an shiga ta uku. Annabi (SAW) ya yi wa liman faɗa a kan tsawaita salla saboda akwai tsoho da mai rauni a bayansa. Wanda ya bar su a baya da gaggawa ma ya shiga wannan gargaɗi. Ɗariƙa da kanta ta yi sauƙi: wanda ya yi taimama ya karanta Salatul Fatihi 20 a madadin Jauharatul Kamali. Hanyar da ta yi wa mai uzuri wuri a cikin wuridinta, bai dace mabiyanta su hana shi wuri a cikin da'irarsu ba. Haka kwamitocin Maulidi da na ziyara: an mayar da shawara cikin waya, a WhatsApp ake yanke komai, dattawan da suka gina zawiyar da hannunsu sai dai su ji labari.

Abin da ya wajaba mu yi

Kowace zawiya ta san dattawanta da sunansu, har da baƙin da gudun hijira ya kawo daga Damasak da Malam Fatori da tsibirai, Barebari ne ko Buduma, Fulani, Tubawa, Larabawa ko Hausawa. Wanda ƙafarsa ta daina kawo shi hailalar Juma'a, a ɗebi mutum biyu ko uku su kai masa wazifa gida.

Wanda aka ɗora wa rubuta sunaye a unguwa ko a sansani ya ji tsoron Allah. Ya rubuta tsoho da sunansa, kada ya narkar da shi cikin gidan ɗansa, musamman tsohuwar da mijinta ya rasu. In ranar rabo ta zo, a fara da su, ko saurayi ya tsaya musu a layi ya kai musu har ɗaki ba tare da ya ɗebi ladan ƙafa ba. Mai taimaka wa tsoho cire kuɗi ta waya ya sani ko dala ɗaya ya rage, wuta ya ɗiba.

Mai gona da mai shago da mai sayen banda da tattasai su bar wa dattawa ƙofar aiki. Akwai tsaron rumbu, da zaɓen iri, da kula da shanya, da awo, da koya wa yara gyaran koma. A biya su ladan aikinsu cikakke, kada a ce ai taimako ake yi musu. Dattijon da ya ci guminsa ya fi kwanciyar rai a kan wanda ake miƙa wa sadaka.

A cikin gida kuma, gigin tsufa ciwo ne kamar kowane ciwo. Tsohuwar da ta fara mantuwa tana magana ita kaɗai, a kai ta likita, a yi haƙuri da ita. Jifan ta da maita ƙazafi ne, kuma za a tsaya a kansa gaban Allah. Kada kuma a hana tsoho magani da cewa ai kwanansa sun ƙare. Babu wanda aka nuna wa littafin ajali.

Ku kuma iyayenmu dattawa, muna roƙonku da ladabi: ku buɗe abin da ke ƙirjinku tun da sauran numfashi. Ku nuna iyakokin gonaki a gaban shaidu, ku faɗi bashi da ajiya, ku koyar da abin da kuka sani na ilimi da sana'a. Ku ja matasa a jiki, ku yi musu uzuri, domin sun tashi cikin zamanin da bai yi musu sauƙi ba. Babba juji ne. Kada ku yarda da masu ce muku kun gama. Tirmizi ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya yi kyau.

Kai kuma saurayi, furfurar da kake gani a kan wani tana kan hanya zuwa gare ka, in Allah Ya ja kwananka. Yadda ka yi wa tsohon yau, yaran da ke kallonka suna haddacewa.

Ya Allah, Ka jiƙan dattawanmu da suka rasu a hanya da waɗanda aka binne nesa da garuruwansu. Ka ba waɗanda ke raye lafiya da wadatar zuci da kyakkyawan ƙarshe. Ka sanya mu masu hidima gare su, Ka cire mana girman kai da gafala. Ka zaunar da Diffa da Bosso da N'Gigmi da Maine Sorowa da dukkan bakin Komadugu lafiya, Ka mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.